Hular da ke cikin ƙullun waina

Mai waina a Ajingi da mai gidan burodi a Gaya abu ɗaya suke zuba wa ƙullu ko kwaɓi don ya tashi, wato yis. Mutane da yawa sun ɗauka gari ne kawai, alhali halitta ce mai rai, dangin funfuna. A 1996 masana suka gama karanta kundin gadonsa, suka tarar da ƙwayoyin gado wajen 6,000.

Umarnin da ke cikin wannan kundi duk yana ajiye a DNA, can tsakiyar ƙwayar yis. Idan ana buƙatar wani furotin, misali wanda zai narka sukari har iskar da ke kumbura ƙullu ta fito, sai a kwafi umarninsa a wani siririn zare mai suna mRNA, a aika shi inda ake ƙera furotin. Tun zaren bai wuce haruffa 30 ba, sinadarai uku, Cet1 da Ceg1 da Abd1, ke ɗora masa wani ɗan ƙulli a ka. Shi masana ke kira hula. Yasuhiro Furuichi da Aaron Shatkin na cikin waɗanda suka gano ta a 1975, a jikin bairos.

Ƙarama ce, amma in babu ita saƙo ba ya isa. Ita furotin eIF4E ke kamawa kafin a fara karatu. Ita ce kuma garkuwa, domin akwai Xrn1 da ke cinye duk zaren da ya gani kai ba hula. Idan saƙo ya gama amfani, Dcp2 ya tuɓe hular, Xrn1 ya ƙarasa. Da haka yis ke rufe bakin umarnin da lokacinsa ya wuce, kuma a wurinsa aka fahimci yawancin wannan tsari.

Me ya shafe mu? Allurar korona ta Pfizer da ta Moderna da aka kawo Nijeriya a 2021 mRNA ce, kuma sai da aka sa mata hula kafin jiki ya iya karanta ta.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne Cet1. Ƙirarsa ta sha bamban da ta sinadarin da ke wannan aiki a jikin mutum da dabba, amma ta yi kama da ta ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ta sammore mai karya shanu. Stewart Shuman da abokan aikinsa a Amurka suka nuna haka. Shi ya sa ake neman maganin da zai toshe nasu ya bar namu.