ƘIRGA DABAM, AWO DABAM: MAGANA GA MASU TAYA YARA AIKIN GIDA

A rangadin da muka yi na duba makarantu a ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, mun roƙi malaman kimiyya su tara mana littattafan aikin gida na 'yan ajin farko na babbar sakandare, domin mu ga yadda yara su ke kama darasin awo, wanda shi ne ƙofar ilmin fiziks. A cikin littafin wani yaro mai kyan rubutu muka tarar da wannan amsa: 9.77164367. Malaminsa ya buga masa alamar daidai da jan biro, har ya ƙara da yabo a gefe. Muka sa aka kira yaron, muka tambaye shi da me ya yi awon. Ya ce da rular katako mai tsawon mita ɗaya, da zare, da ɗan dunƙulen ƙarfe, da agogon da ke cikin wayar yayansa. Muka ce, to, waɗannan alƙaluma tara fa, wa ya ba ka su? Ya ce kalkuleta. Ya ƙara da cewa shi kam ya so ya yanke wutsiyar, amma mahaifinsa ya hana, ya ce masa, "Kai yaro, rubuta duka. Akawun da ke zubar da kwabo ba ya daɗewa a ofis."

Mahaifin nan akawu ne na baitulmali, kuma a kan aikinsa gaskiya ya faɗa. Tun zamanin En'e haka aka hori akawuna: littafin kuɗi ba ya rufuwa sai ya daidaita har anini, a yau kuwa har kwabo. Wanda ya karɓi naira 4,375 ya rubuta 4,400 ya jawo wa kansa tuhuma. Amma kuɗi ƙirga su a ke yi, tsawo da nauyi da lokaci kuwa auna su a ke yi, kuma a nan ne masu taya yara aikin gida da dare, iyaye da yayye har da waɗansu malamai, su ke ɓatar da su da kyakkyawar niyya. Abin ƙirga yana da iyaka: awaki goma sha biyu ne a garke, ko goma sha uku, babu tsakani. Abin awo kuwa ba a taɓa kai wa ƙarshensa. Iyakar abin da mutum zai iya shi ne ya faɗi gwargwadon abin da ma'auninsa ya nuna masa, ya yi shiru a kan sauran.

Ba baƙon ilmi ba ne wannan a ƙasarmu. Mai sayen dawa a kasuwar Sara ya san mudu ba ɗaya ba ne, akwai cikar mai sayarwa, akwai cikar mai saye da ke tara hannu a bakin kwano. Mai sayen saƙi ya san kamun dogon mutum ya fi na gajere. Ba wanda zai ce ya sayi mudu uku da ɗigo ɗari biyu da goma sha bakwai, domin kowa zai yi masa dariya. Tsofaffin akawuna kuma sun ji labarin malaman taki, waɗanda a farkon mulkin Turawa su ke auna gonaki da ƙafa a gundumomin da ke kewaye da birnin Kano domin yanka haraji. A ce malamin taki ya sami tsawon gona taki 87, faɗinta taki 64. In ya ninka zai sami 5,568. Amma in ƙafarsa ta kuskure da taki biyu kacal a kowane gefe, abin da ke da sauƙin faruwa a cikin kunya da kututturan dawa, to, gonar tana iya zama 5,270, tana kuma iya zama 5,874. Ashe 6 da 8 ɗin da ke ƙarshen 5,568 ba su shaida kome ba, alhali kuwa a kansu a ke ɗora wa talaka kuɗi.

To, masu ilmin kimiyya sun mai da wannan sanin na kasuwa ya zama ƙa'ida. Alƙaluman da suka cancanci a rubuta su ne waɗanda ma'auni ya nuna a fili, sa'an nan a ƙara guda ɗaya tak na ƙarshe, wanda a ke da ɗan shakka a kansa. Su ne mu ke kira amintattun alƙaluma. Rular makaranta tana da tsaga ta milimita, saboda haka tana iya ba da 24.7 na santimita. Ma'aunin baniya, mai baki kamar na kada, yana kai wa kashi ɗaya cikin goma na milimita. Maikuromita, wadda a ke murzawa don auna kaurin waya ko takarda, tana kai wa kashi ɗaya cikin ɗari. Kowanne da iyakar bakinsa, kuma yaron da ya rubuta 24.713 da rular katako ya ɗora wa rular maganar da ba ta yi ba.

Bari mu gwada da littafin rubutu, tun da kowane gida akwai shi. Yaro ya auna tsawo ya sami santimita 24.7, faɗi 18.3. Kalkuleta ta ce faɗin bangon murabba'in santimita 452.01 ne. Maimakon ka ce masa daidai ko kuskure, sai ka sa shi ya yi lissafin sau biyu kuma. Tun da rular ba ta rarrabe abin da ya gaza rabin milimita, ainihin tsawon yana tsakanin 24.65 da 24.75, faɗin kuma tsakanin 18.25 da 18.35. Ya ninka ƙanana biyun, zai sami wajen 450. Ya ninka manya biyun, zai sami wajen 454. Da idonsa zai ga cewa 4 da 5 sun zauna daram, alƙalami na uku yana rawa, ɗigo sifiri ɗaya kuwa mafarki ne. Sai ya rubuta 452. Daga nan ƙa'idar da ke cikin littattafai ta fito: in za a ninka ko a raba, amsa ba ta fin mafi ƙarancin amintattun alƙaluma da aka shiga da su. Mun lura yaron da ya yi wannan lissafi na sama da ƙasa sau biyu ko uku ba ya sake bukatar haddar ƙa'idar, wanda aka ba shi hadda kawai kuwa kafin hutu ya ƙare ta zube.

Wajen tarawa da ɗebewa hukuncin ya ɗan bambanta, kuma nan yara su ke yawan tuntuɓe. A ce buhun gyaɗa ya hau sikelin ɗan awo, wanda ba ya nuna abin da ya gaza kilo ɗaya, ya ba da kilo 76. Aka ɗebo ɗan tafin hannu aka auna a ƙaramin sikelin ɗakin gwaji, ya ba da kilo 0.135, aka zuba a buhun. Nawa ke nan? Yaro zai ce 76.135. Amma wanda bai san ko buhunsa 75.6 ne ko 76.4 ba, ina ya ga 135 ɗin da ke bayan ɗigo? Amsa tana nan 76. A tarawa, gurbin da mafi raunin awo ya tsaya, nan amsa ta ke tsayawa.

Sifiri shi ne mai wuyar sha'ani. Santimita 4.5 da mita 0.045 abu ɗaya ne, kuma amintattun alƙaluma biyu ne a kowanne, gama sifirin da ke gaba riƙon wuri kawai ya ke yi. Amma 4.5 da 4.50 ba ɗaya ba ne a wurin mai awo, ko da ya ke malamin lissafi zai ce ɗaya ne. Mai rubuta 4.50 yana cewa ya duba gurbi na uku da ma'aunin da ke iya ganinsa, ya tarar babu kome. Mun sha ganin yayye suna goge wa ƙannensu wannan sifiri wai don ba shi da amfani, alhali a jadawalin gwaji na jarrabawar WAEC ana son kowane layi ya fito da gurabe iri ɗaya bayan ɗigo, gwargwadon ma'aunin da aka yi aiki da shi.

Akwai labari a kan wannan daga ƙasar Indiya. A 1856 Andrew Waugh, shugaban masu safiyo na can, ya bayyana cewa tsawon dutsen da daga baya aka sa wa suna Everest ƙafa 29,002 ne. Ana ba da labari cewa lissafin ya fito 29,000 cif, amma aka ji tsoron mutane za su ga sifiri uku su zaci kintace ne, sai aka ƙara ƙafa biyu. Ba mu yabi ƙarin ba, amma damuwar tasu gaskiya ce, kuma ita ce ta sa a yau a ke koya wa yara su rubuta irin wannan lamba da goma mai ɗaurin ninki, watau 2.9000 sau 10,000, don kowane sifiri ya faɗi matsayinsa. A Disamba 2020 ƙasashen Nepal da Sin suka bayyana sabon awo na mita 8,848.86, da na'urorin da Waugh bai taɓa mafarkinsu ba.

Kada kuma a zarce a yi ta yanke kowace lamba. Akwai waɗanda ba awo ba ne, yarjejeniya ce. Tun 1959 aka ƙulla cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, mil ɗaya kuma kilomita 1.609344. Tun 1983 aka tsai da gudun haske a mita 299,792,458 cikin daƙiƙa ɗaya, aka mai da shi tushen mita kanta. Kilo ma, wanda tun 1889 ma'auninsa wani dunƙulen ƙarfe ne da a ke ajiye a kusa da birnin Faris, an sake masa tushe a 2019. Waɗannan ba su rage amincin amsa. Amma ga tarkon da ke cikinsu: tsohon direba ya ce maka tafiyar mil 80 ce, kai kuma ka juya ta ka rubuta kilomita 128.74752. Direban da ya yi magana a kan kintace ka mai da shi mai safiyo har zuwa santimita. Kilomita 130 ita ce fassarar maganarsa.

Har ƙirga ma, in ta yi yawa, takan koma kamar awo, kuma wannan ya shafi akawuna kai tsaye. Ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006 an fara bayyana ta a kan mutum 140,003,542. Da aka fitar da ta ƙarshe a 2009 sai ta zama 140,431,790. Duka biyu alƙaluma tara ne, amma tun daga na huɗu suka rabu, da bambancin mutum fiye da dubu ɗari huɗu. Mai rahoton da ya rubuta miliyan 140 bai yi ƙwauron gaskiya ba.

Mu koma ga yaronmu. Gwajin da aka ba shi shi ne na lilo: a rataye dunƙulen ƙarfe da zare mai tsawon mita 1.00, a sake shi ya yi ta kai da kawowa, a auna lokacin zuwa da dawowa 20, daga nan a fitar da ƙarfin jan ƙasa, watau yadda saurin abin da ya faɗo ke ƙaruwa kowace daƙiƙa. Ya sami daƙiƙa 40.2, kuma aikinsa mai kyau ne ƙwarai, domin a wannan yanki namu na kusa da tsakiyar duniya ainihin lambar wajen 9.78 ce, a can ƙuryar arewa mai ƙanƙara kuwa takan kai 9.83. Amma yatsan ɗan Adam yakan makara ko ya yi gaggawa da wajen kashi biyu cikin goma na daƙiƙa wajen danna agogo. Muka ba shi alli muka ce ya sake lissafin da 40.0. Ya sami 9.87. Muka ce ya sake da 40.4. Ya sami 9.68. Ya tsaya yana duban allo, can sai ya ce, "Malam, ashe ko 7 ɗin farko ba ta zauna ba." Ƙa'idar littafi ta yarje masa ya rubuta 9.77, tun da alƙaluma uku ya shiga da su. In ya rubuta 9.8 ma bai yi ƙarya ba. Sauran shidan nan kuwa na kalkuleta ne, ita ko ba ta ga zaren ba, ba ta ga agogon ba.

Laifin ba na yaro ba ne, ba kuma na mahaifinsa kaɗai ba. Mu da mu ke horon malamai muna da namu kason, gama mun daɗe muna barin wannan darasi ya zama na mako ɗaya a farkon shekara, a rubuta ƙa'idoji a allo, a wuce. A da, lokacin da a ke lissafi da jadawalin logaridam mai alƙaluma huɗu, kayan aikin da kansu su ke taka wa yaro birki. Yanzu na'urar da ke aljihunsa tana zubo masa goma a kyauta, kuma yaro yana ganin mai yawa shi ne mai ilmi. Garin da ke da tsohuwar Kwalejin Gwamnati da babban asibitin tarayya, yaransa da yawa za su zama masu auna magani, da masu safiyon filaye, da injiniyoyin hanya. Wanda ya saba rubuta abin da bai gani ba a littafin aikin gida, da wuya ya bar halin ranar da aka ba shi littafin ofis.

Saboda haka muna roƙon wanda ɗansa ko ƙanensa ya kawo masa irin wannan aiki da dare, kafin ya taɓa kalkuleta, ya fara tambayarsa da me ya auna, mece ce ƙaramar tsaga a jikin ma'aunin, sa'an nan ya sa shi ya gwada lissafin da ɗan ƙari da ɗan ragi. Ba sai mutum ya karanci fiziks ba kafin ya yi waɗannan tambayoyi. In yaro ya ce yana son alƙalami na uku ya zauna sosai, hanyar ba ta cikin na'ura, tana wurin zaren: ya ƙirga lilo 50 maimakon 20, ya maimaita sau uku, ya ɗauki matsakaici. Kuskuren yatsa yana nan yadda ya ke, amma yanzu an raba shi a kan daƙiƙa ɗari da 'yan kai maimakon arba'in, sai rawar amsar ta ragu daga wajen 0.1 zuwa wajen 0.04.

Kafin mu bar makarantar, mahaifin yaron ya zo gaishe mu, domin labari ya riga ya kai gida. Muka nuna masa allon, ba a goge ba tukuna. Ya duba 9.87, ya duba 9.68, ya gyara tabarau, ya ce, "Ranka ya daɗe, da a littafina ne wannan, da yau ban kwana gida ba." Sa'an nan ya tambaya ko za a ara masa zaren da dunƙulen ƙarfen zuwa ranar Litinin.