BABI NA UKU: ƘA'IDOJIN KWASTAN NA BAYYANA ASALIN ƘARFE DA YADDA SUKA SHAFI ƘASAR KUDAN

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan ƙa'idojin da hukumar kwastan take bi wajen tantance ƙasar da aka yi ƙarfen da ake shigowa da shi Nijeriya. Haka kuma za a nuna yadda waɗannan ƙa'idoji suke taɓa rayuwar manomi da maƙeri da magini a ƙasar Kudan da maƙwabtanta Maƙarfi da Ikara, duk da kasancewar yankin yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga bakin teku.

3.1 Ƙarfe a Ƙasar Kudan Jiya da Yau

Kafin zuwan Turawa, maƙeran ƙasar Zazzau, kamar sauran na ƙasar Hausa, da ƙarfen gida suke aiki. Ana haƙo tama a narka ta, sannan a ƙera fartanya da garma da lauje da gatari. A wancan zamani asalin ƙarfe ba abin tambaya ba ne, domin kuwa an san ramin da aka haƙo tamar, an kuma san wanda ya narka ta. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta Zariya ta isa Kano a shekarar 1911, sai ƙarfen Turai da ragowar tsofaffin ƙarafa suka yawaita, sana'ar narka tama kuwa ta riƙa ja da baya har ta shuɗe.

A yau, ƙaramar hukumar Kudan, wadda hedikwatarta take Hunkuyi, yanki ne na noma, musamman rake da masara da kayan lambu. Kusan duk abin da wannan noma ya dogara a kansa na ƙarfe ne, kama daga garmar shanu da bututun ban-ruwa, har zuwa injin matse rake na masu yin mazarƙwaila. Haka nan ma gini ba ya yiwuwa sai da rodi da ƙusa da kwanon rufi. Wasu daga cikin waɗannan kaya a cikin gida ake yin su, wasu kuwa daga ƙetare suke, ko kuma an yi su a gida da ƙarfen ƙetare.

Dalilin wannan dogaro a bayyane yake. An fara gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a shekarar 1979 tare da taimakon Tarayyar Sobiyet, amma ba a kai ga kammala shi yadda aka tsara ba. Kamfanonin mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo, waɗanda aka kafa a farkon shekarun 1980, su ma sun sha fama da ƙarancin ɗanyen ƙarfe, har daga baya gwamnati ta sayar da su.

3.2 Ma'anar Asalin Kaya a Wajen Kwastan

A wajen kwastan, asalin kaya ba ya nufin tashar da aka yi lodin su, ba ya kuma nufin ƙasar ɗan kasuwar da ya sayar da su. Abin da yake nufi shi ne ƙasar da aka yi kayan gaba ɗaya, ko kuma ƙasar da aka yi musu aiki na ƙarshe wanda ya sauya kamanninsu suka zama wani abu daban. Alal misali, idan aka yi rodi a ƙasar Sin, aka sauke shi a Kwatano, sannan aka ɗauko shi zuwa Nijeriya, to rodin nan na Sin ne, ba na Jamhuriyar Benin ba. Yanka shi gunduwa-gunduwa ko sake ɗaure shi ko shafa masa fenti ba ya sauya masa asali.

3.3 Takardun da Ake Bayyana Asali a Cikinsu

Hukumar kwastan ta daɗe tana aiki da dokar shekarar 1958, har zuwa 2023 lokacin da aka kafa sabuwar doka. Mai shigo da ƙarfe yakan bi waɗannan matakai:

(a) Zai cika takardar Fom M ta hannun bankinsa kafin a yi lodi. A ciki zai bayyana irin kayan da kuɗinsu da ƙasar da aka yi su da kuma ƙasar da za a ɗauko su.

(b) Zai rubuta lambar kayan bisa tsarin lambobi na kwastan na duniya, inda babi na 72 ya ƙunshi ƙarfe, babi na 73 kuma kayan da aka ƙera da shi.

(c) Zai gabatar da takardar shaidar asali daga ƙasar da aka yi kayan, tare da takardar farashi da takardar lodin jirgi.

(d) Idan kayan suna cikin waɗanda ake sa wa ido, zai kawo takardar SONCAP, wato shaidar inganci wadda hukumar SON ta ɓullo da ita a 2005.

(e) Kwastan za ta duba waɗannan takardu ta fitar da rahoton PAAR, wanda aka soma aiki da shi a 2013, sannan a biya haraji a duba kayan.

3.4 Dangantakar Asali da Haraji

Tun daga 2015 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka soma aiki da jadawalin haraji na bai-ɗaya mai matakai biyar, wato kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. Wannan haraji a kan kayan da suka fito daga wajen ƙungiyar yake. Kayan masana'antun ƙasashen ƙungiyar kuwa, idan an amince da su, ba a biya musu harajin shigowa. Yarjejeniyar 2003 ta shimfiɗa sharuɗɗan wannan amincewa: ko dai a yi kayan gaba ɗaya a yankin, ko aikin da aka yi musu ya sauya lambarsu ta kwastan, ko kuma ya ƙara musu darajar da ta kai kashi 30 cikin ɗari na kuɗinsu a bakin masana'anta.

A nan ne matsala take. Tun da kalma guda a kan takarda tana iya sauke haraji baki ɗaya, sai wasu su riƙa laƙaba wa ƙarfen nesa sunan ƙasa maƙwabciya. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, ta ƙara wa wannan batu nauyi, domin ita ma rangwamenta a kan asalin kaya ya rataya.

3.5 Ƙa'idar Narkawa da Zubawa

Wasu ƙasashe sun ga cewa tambayar inda aka yi aikin ƙarshe ba ta wadatar ba. Ƙasar Sin ita kaɗai tana narka fiye da rabin ƙarfen duniya, kuma ana iya kai shi wata ƙasa a mulmula, ya fito da sabon suna. Saboda haka Amurka a 2020, sai kuma Kanada a 2024, suka wajabta wa mai shigo da ƙarfe ya faɗi ƙasar da aka fara narka shi aka zuba shi ya daskare. Hujjar da ake dogara da ita ita ce takardar gwajin masana'anta, wadda take ɗauke da lambar narki da sinadaran da suke cikin ƙarfen. Bambancin ke nan: ƙa'idar farko tana tambayar inda aka gama, ta biyu kuwa tana tambayar inda aka soma.

3.6 Yadda Abin ya Shafi Mutanen Kudan

Takardun nan duka a hannun mai shigo da kaya suke tsayawa. Kafin ƙarfe ya bar Apapa ya iso Kano ko Zariya, daga nan ya kai shagon ɗan kiri a Hunkuyi ko kasuwar Maƙarfi, ya bi hannu da yawa, babu takarda ko ɗaya tare da shi. Mai saye sai dai ya duba tambarin da yake jikin rodi, ko ya jinjina kwano ya ji nauyinsa. Idan babu tambari, ciniki ya zama na biri a sama.

Illar bayyana asalin ƙarya ta kasu uku. Na farko, gwamnati tana asarar haraji. Na biyu, masana'antun gida, ciki har da masu narka tsofaffin ƙarafan da 'yan jari-bola suke tarawa, ba za su iya gogayya da kayan da suka kauce wa haraji ba. Na uku, idan kwano ya yi tsatsa bayan damina biyu, ko rodi ya karye a wajen lanƙwasawa, babu masana'antar da za a kama da laifi, asarar kuwa a kan manomin da ya sayar da rakensa ya yi rufi take faɗawa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa asalin ƙarfe shi ne yake yanke harajin da za a biya, shi ne kuma hanyar gano wanda ya yi shi. An kuma ga cewa mutumin Kudan ba ya ganin takardun kwastan, amma gaskiyar abin da aka rubuta a cikinsu ita ce kariyarsa ta farko. Babi na gaba zai duba hanyoyin da maƙera da magina na yankin suke bi wajen gane ƙarfe mai kyau.