Ina Maganin Ƙwari Ya Ke Zuwa Bayan An Yi Feshi?

 Zancenmu na yau ya shafi manomi, ya kuma shafi duk mai shan ruwan rijiya, watau dukanmu ke nan.

Sa'ad da ka fesa wa wakenka ko tumatirinka magani, ka ga tsutsa ta zube, sai ka ce aiki ya ƙare. Bai ƙare ba tukuna. Kaɗan ne daga cikin maganin ya ke samun ƙwaro. Wani iska ta kwashe, wani rana ta lalata, saura kuwa ya sauka ƙasa, ko ruwan sama ya wanko shi daga ganye. To, daga nan ina ya nufa? Wannan ya danganta ga irin ƙasar da irin maganin.

Ka taɓa tsayawa a marina? In an tsoma farin zane cikin baba, sai ya kama. In an jefa tsakuwa, ɗauraya ɗaya ta fita fes. Haka ƙasa ta ke da magani. Laka, da ƙasar da ta sha taki da ruɓaɓɓen ganye, su ne zane. Ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai, suna kama magani su riƙe shi a sama-sama, har ƙananan halittun nan na cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su sami damar cinye shi sannu a hankali. Jigawa kuwa tsakuwa ce. Rairayinta manya ne, takinta kaɗan, ruwa yana wuce ta kamar rariya, ya tafi da abin da ya ɗauko.

Shi ma maganin iri-iri ne. Akwai mai narkewa cikin ruwa kamar gishiri. Wannan shi ne abin tsoro ga rijiya, domin duk inda ruwa ya bi, yana biye. A 1979, a tsibirin Long Island na Amurka, an sami wani magani mai suna aldikab cikin rijiyoyin gidaje masu yawa. Manoman dankalin Turawa ne su ke zuba shi a gonakinsu, ƙasar kuwa rairayi ce. Aka daina amfani da shi a wurin, amma aka yi shekaru ana samunsa cikin ruwan, gama can ƙarƙashin ƙasa babu rana, halittun da za su cinye shi kuma kaɗan ne. Kai mai lambu a fadama, inda a ke haƙa gaba biyu a tad da ruwa, ka lura da wannan labari.

Akwai kuma wanda ba ya son ruwa, kamar man gyaɗa. Shi wannan yana manne wa ƙasa ƙam. Kada ka ce an huta. Bai gangara rijiya ba, amma ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, jan ruwan nan da ka ke gani yana malala daga gona, ƙasarka ce ta ke tafiya da maganin a jikinta, sai kududdufi ko rafi. Babban misali shi ne DDT, wanda wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano amfaninsa a 1939. A cikin ƙasa ya kan yi shekara 2 har zuwa 15 kafin rabinsa ya lalace. Yana taruwa cikin kitsen kifi da na mutum, har ya fito cikin nonon uwa. Saboda haka ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Stockholm a 2001, aka hana shi a gona, aka bar shi don yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta kaɗai, kamar sauro.

To, me za ka yi? Kada ka yi feshi in hadari ya haɗu, hasarar kuɗi ce da ɓata ruwa. Kada ka wuce awon da aka rubuta a jikin kwalba. In ba ka iya karatu ba, ba abin kunya ba ne, tambayi malamin gona. Ka yawaita taki a jigawarka, ka bar ciyawa a gefen gona wajen gangare don ta tare ƙasa.

Abin da ya fi duka muni shi ne haɗa magani ko wanke famfon feshi a bakin rijiya. A nan maganin bai sirku ba, ƙasar wurin kuwa kullum a jiƙe ta ke. Ɗebi ruwanka, ka yi nisa, sa'an nan ka haɗa. Kwalbar da ta ƙare, ɗauraye ta sau 3, ka juye ɗaurayar cikin famfo, ka huda ta don kada yaro ko uwargida su zuba ruwa ko mai a ciki.

Kada kuma ka dogara ga tafasawa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya raba shi da yawancin magungunan nan. In kana zaton magani ya shiga rijiyarku, ku daina sha, a sanad da mai unguwa da malamin tsabta nan da nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.