Lamba Takwas: Aikin da 'Yan Kallo Ba Sa Gani a Tsakiyar Fili

Duk wanda ya kalli wasan Najeriya da Afirka ta Kudu na gasar cin kofin Afirka a daren 7 ga Fabrairu, 2024, ko a gidan kallo na Kwamba ne ko na Madalla da ke yankin Suleja, ba zai manta da mintocin ƙarshe ba. Najeriya na da ci ɗaya, Victor Osimhen ya ƙara na biyu, jama'a suka miƙe ana sowa ana ture benci. Can sai alƙalin wasa ya nufi na'urar VAR, ya dawo ya soke ƙwallon, ya kuma ba Afirka ta Kudu fanareti. Ashe tun kafin a kai wancan hari, wani ɗan wasanmu ya taɗe Percy Tau a gaban ragarmu. Teboho Mokoena ya buga ya farke. Wanda ya yi ketar shi ne Alhassan Yusuf, ɗan Kano, yana da shekara 23 a lokacin. Mutane da yawa a daren suka fara riƙe sunansa, kuma ba da yabo suka riƙe shi ba.

Haka rabon ɗan wasan tsakiya yake. Zai ƙwace ƙwallo sau goma ba wanda ya tafa masa, ranar da ƙafarsa ta makara sau ɗaya kuwa har mai shayi ya san shi. Shi ya sa idan ana raba riguna a filayen unguwa a Suleja, kowane yaro lamba tara ko goma yake miƙa wa hannu. Wanda bai iya gudu ba a ce ya je gola, wanda ba shi da baki a tura shi tsakiya.

Alhali tsakiyar nan ita ce ƙashin bayan wasa, kuma ba aiki ɗaya ake yi a cikinta ba. Lamba shida yana zama ne a gaban masu tsaron baya, yana toshe hanya, yana karɓar ƙwallo daga baya ya rarraba ta. Lamba goma yana bayan mai cin ƙwallo, shi ne mai ba da ƙwallon ƙarshe, shi ne kuma ɗan lelen 'yan kallo. Lamba takwas kuwa ba shi da mazauni: in an kai hari yana can gaba, in an kawo hari ya riga ya dawo. A manyan gasanni irin wannan ɗan wasa kan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, kuma mafi yawan gudun ba tare da ƙwallo a ƙafarsa ba. Masu farautar 'yan wasa da ƙungiyoyin Turai ke aikowa ba yawan yanka suke ƙirgawa ba. Suna duba ko yaro yana waiwayawa ya ga wanda ke bayansa tun ƙwallo ba ta iso shi ba, da yadda yake karkata jiki wajen karɓarta don ya fuskanci gaba, da abin da yake yi a daƙiƙu biyar na farko bayan an ƙwace masa ita. Wani sai ya tsaya yana ɗaga hannu yana zargin abokin wasa, wani kuma ya bi ta kamar an ɗauke masa kuɗin cefane. Alhassan cikin na biyun yake. Ba shi da wani girman jiki, abin da ya sayar da shi huhu ne da naci da saurin karanta wasa.

An haife shi a Kano a watan Yulin 2000. A 2018, shekarar da ya cika 18, ya shiga IFK Göteborg ta ƙasar Suwidin. Wannan lissafi na shekaru ba haka kawai ya zo ba. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauyin sheƙa ya hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai da wasu dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can saboda wani abin da bai shafi ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce wa uba zai kai ɗansa mai shekara 15 wata ƙungiya a Sifaniya a sa hannu a kwantiragi, to a tambaye shi ta wace ƙofa.

Shekara uku ya yi a Suwidin, ya ci kofin ƙalubale na ƙasar a 2020, sannan Royal Antwerp ta Beljiyam ta saye shi a 2021. A can ya ga shekarar da kowane ɗan wasa ke mafarki. A kakar 2022/23, ƙarƙashin koci Mark van Bommel, wanda shi ma tsakiya ya buga a zamaninsa, Antwerp ta ɗauki kofin ƙalubale, ta kuma lashe gasar ƙasar a ranar ƙarshe, da ƙwallon da Toby Alderweireld ya zura wa Genk ana dab da tashi. Rabon ƙungiyar da wannan kambi tun 1957. A Disamban 2023 kuma ta doke Barcelona da ci 3 da 2 a gasar Zakarun Turai.

Abin lura shi ne matakalar da ya bi, domin kusan duk 'yan tsakiyarmu da suka yi nisa ita suka taka. Mikel Obi daga Filato ya fara sauka a Lyn ta ƙasar Nowe kafin Chelsea a 2006. Wilfred Ndidi ya bar Nath Boys ta Legas zuwa Genk a 2015, sai bayan shekara biyu Leicester ta ɗauke shi. Frank Onyeka ya bi ta Midtjylland ta Denmak kafin Brentford a 2021. A ƙaramar gasa yaro yana samun buga wasa kowane mako, ya yi kuskure a gyara masa, ya saba da sanyi da abinci da kaɗaici ba tare da idon duniya a kansa ba. Mu tuna da Rabi'u Ibrahim, shi ma ɗan Kano, lamba goman tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta ci kofin duniya a Koriya ta Kudu a 2007. A ganina, ta fuskar baiwa zalla ya fi duk waɗanda na ambata, har ana kiransa sabon Okocha. Babbar ƙungiya ya fara faɗawa, Sporting ta Lisbon, daga nan PSV da Celtic, duk bai samu gurbi na dindindin ba. Sai da ya gangara Sulobakiya, a Trenčín da Slovan Bratislava, ya samu natsuwa da kofuna. Sauri ya haifi nawa.

Yaron Suleja yana da wata dama da na ƙauye mai nisa ba shi da ita: Abuja na bayan Dutsen Zuma, makarantun koyon ƙwallo sun yi yawa a can, ga Niger Tornadoes a Minna. Sai dai inda dama take, nan 'yan damfara suke shimfiɗa tabarma. Wani zai zo da takarda mai tambarin ƙungiyar Turai, ya ce gwaji ne, a kawo kuɗin biza da na jirgi. A sayar da fili, uwa ta fitar da 'yan kunnenta, ƙarshe yaro ya tsinci kansa a wani masauki a ƙasar da bai san harshenta ba, dillali ya kashe waya. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ke ɗaukar nauyin zuwansa. Kuma akwai abin da masu horar da yara a unguwanni ya kamata su sani: idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin don a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma sai wadda ta yi rajista, ta kuma yi wa yaron rajista da sunansa da shekarunsa na gaskiya, take da bakin nema. Kocin da ya shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda, in babu takarda, sai dai ya ga labarin cinikin a Facebook.

Shi kansa zuwan Alhassan gasar cin kofin Afirka a Kwaddebuwa, da farko ba ya cikin tawagar da koci José Peseiro ya zaɓa. Ndidi ne ya ji rauni ana saura kwanaki kaɗan, aka kira shi ya cike gurbi, kuma da shi aka fara wasan farko da Ikwatoriyal Gini ranar 14 ga Janairu, wanda aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. A daren Afirka ta Kudu daga benci ya shigo. Allah Ya rufa masa asiri, Stanley Nwabali ya tare biyu a bugun fanareti, Kelechi Iheanacho ya zura ta ƙarshe, Najeriya ta wuce da 4 da 2. Bayan kwana huɗu masu masauki suka doke mu da 2 da 1 a wasan ƙarshe a Abijan, ya dawo da lambar azurfa. A watan Agustan 2024 ya koma New England Revolution ta Amurka, yana da shekara 24.