Daga Kakakin Fadar Shehu Zuwa Turambon: Yadda Harshe Ke Samun Sauri

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Shehun Borno a Maiduguri ya san amon kakaki. Numfashi ɗaya ne dogo, amma sautin na fitowa gaɓa-gaɓa kamar mai kirari. Harshen mabushin ne ke yanka shi. To, wannan aikin ne ke ba yaranmu wahala a Agege da Sabo ta Ibadan da Fatakwal, waɗanda suka shiga badujalar makaranta aka damƙa musu turambon, wato kakakin Turawan nan mai bututun da ake ja ana turawa. Ranar fareti ta zo, ganga ta yi gaba, su suna baya. Wasu daga nan suke ajiye abin.

Kakaki da turambon dangin juna ne: leɓɓa ke karkarwa a bakin ƙarfen, harshe kuma ya fara kowane sauti, kamar kana cewa "ta, ta, ta". Akwai wata dabarar ta "ta-ka, ta-ka" don busa mai tsananin sauri, amma kada yaro ya yi gaggawar tsallakawa can. Wanda "ta" ɗinsa bai zauna ba, "ta-ka" ɗinsa ma ba zai zauna ba.

Mafi yawan masu koyo sun ɗauka ƙarfin harshe ne ke kawo sauri. Ba haka ba ne fa. Iska ce ke aikin. Ka buɗe famfo, ka riƙa gifta yatsa cikin ruwan: ruwan bai tsaya ba, yankuwa kawai yake. Haka ake so numfashi ya kasance. Yaron da ke datse iska bayan kowane sauti, kana jin "tat, tat", aiki biyu yake yi a inda ɗaya ya isa, dole ya makara.

Tsinin harshe kaɗai zai motsa, yana taɓa bayan haƙoran sama ya saki. A sa madubi a gaba. In haɓa na rawa kamar mai tauna goro, akwai gyara. Idan busa ta yi sauri, "da" ta fi "ta" sauƙi. Amma a kula, "da" muke nufi ba "ɗa" ba, domin ita "ɗa" tana matse maƙogwaro, abin da ake gudu ke nan.

Wajen atisaye, a sauke manhajar ƙidayar bugu a waya, a sa ta bugu 60 a minti, sauti huɗu a kowane bugu, a kan murya ɗaya ba tare da motsa bututu ba. Sauti biyar a jere, a huta, a sake. Sai ya fita tas sannan a ƙara bugu huɗu. Mabusa da yawa kan kai 100 zuwa 120 kafin su nemi "ta-ka". Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, don harshe tsoka ne, in ya gaji sai ya sandare.

Sai kuma abin da mai kakaki bai san da shi ba: bututun turambon matsayi bakwai gare shi. Sau tari ana zargin harshe alhali hannu ne bai iso ba, sautin ya fito a jirkice. A fara da matsayi na ɗaya zuwa na uku, a hankali, hannu ya tsaya cak daidai lokacin da harshe ke saki.

In gidan haya kuke, maƙwabta ba za su ɗauki ƙarar ba, yaro ya ɗaga tafin hannu gaban bakinsa ya hura yana "tu, tu, tu". Zai ji da fatarsa ko iskar na tsayawa.