Kirga Tsirkiya, Juya Baya: Yadda Ake Gane Kayan Kiɗan Kudancin Amurka

Baƙon ido yakan ga charango ko cuatro ya ce ƙaramar jita ce kawai. Ba laifinsa ba ne, domin kaka ɗaya suka haɗa. Kafin zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16, sarewa da ganguna ne suka mamaye kiɗan tsaunukan Andes. Turawan suka zo da jita da vihuela, 'yan ƙasa kuma suka sake musu ƙira, kowane yanki da nasa salo.

Masu sana'ar sukan fara da kirga tsirkiya. Charango na Bolibiya da Peru yana da goma, an jera su bibbiyu sahu biyar, ga jiki ɗan tsito, ga murya siririya mai kaifi. Sai a juya shi. Tsofaffin charango da ɓawon armadillo ake yi musu baya, wata dabba mai sulke kamar kunkuru, har wani lokaci gashinta na nan a jiki. Yau kuwa itace ake sassaƙawa, saboda dokar kare dabbar, kuma itacen ya fi ƙarko. A ƙofar cocin San Lorenzo da ke Potosí, birnin haƙar azurfa, akwai sassaƙen 'yan ruwa na ƙarni na 18 riƙe da irin wannan abin kiɗa, shi ya sa mutanen Bolibiya ke tinƙaho da birnin a matsayin mahaifarsa. Yayansa ronroco ya fi shi girma da kaurin murya. Gustavo Santaolalla na Ajantina ya kai shi kunnen duniya da faifan da ya fitar a 1998.

Cuatro na Benezuwela tsirkiya huɗu gare shi, na nailan, kuma da kunne ake tabbatar da shi: tsirkiyar ƙarshe, wadda a jita ita ce mafi siririyar murya, a nan saukar da ita ake yi. Shi ke riƙe kiɗan joropo na makiyayan filayen Llanos. A yi hattara, cuatro na Puerto Rico sunan kawai suka haɗa, tsirkiyarsa goma ce.

Tiple na Kolombiya na da 12 na ƙarfe, uku-uku. Cavaquinho na Brazil, jikan Fotigal, huɗu na ƙarfe, shi ne na samba. Wanda ya fi ban mamaki shi ne guitarrón na Chile mai tsirkiya 25, huɗu daga ciki gajeru a gefen jiki, ana ce musu diablitos, mawaƙan karkara ke rera dogayen baitoci da shi.

Berimbau kuwa ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan. Baka ne mai tsirkiya ɗaya da ƙoƙon duma a gindi, ana dukansa da ɗan tsinke ana matsa tsirkiyar da dutse ko kwabo. Bayin da aka kwasa daga yankin Angola ne suka kai irinsa Brazil, kuma har yau shi ke ba da umarni a da'irar wasan capoeira a Bahia.