Daga Zaurukan Birnin Zariya Zuwa Ƙasashen Waje: Guzurin Da Ɗalibi Ya Fi Buƙata

A duk shekara, da zarar sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a ƙasashen waje sun fito, wasu gidaje a cikin ganuwar Zariya sukan shiga hidima. Daga Kwarbai zuwa Unguwar Juma, daga Kona zuwa Albarkawa, za ka tarar ana fafutukar fasfo da biza da kuɗin jirgi, uwa tana ɗaure kilishi da yaji da kuka, uba yana neman rigar sanyi. Wannan duk shiri ne mai kyau. Sai dai akwai tambaya guda da ba kasafai ake yi wa mai tafiyar ba: a cikin abubuwan da ya tashi ya tarar ana yi a gida, ya san wanne ne addini, wanne ne fahimtar mazhaba, wanne ne kuma al'adar Zage-zagi? Wanda ya fita bai rarrabe waɗannan ukun ba, shi ne ya fi saurin rikicewa idan ya ga an yi saɓanin abin da ya saba.

Tafiya neman ilimi tsohuwar hanya ce

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari daga Katsina, ya yi aikin Hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a can a 1741. Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya je Hajji sau biyu, ya kuma haɗu da malaman Masar. Ita kanta Zariya gari ne da ake yi wa tattaki, domin an daɗe da saninta da ƙwarewa a nahawu, ɗalibai na zuwa daga garuruwan Hausa da Nufe da Ilori su zauna a zaurukan malamanta.

Littattafan da ake karantawa a waɗannan zaurukan ma matafiya ne. Mai Ahalari mutumin Aljeriya ne, mai Risala ɗan Ƙairawan ne a Tunisiya, mai Ajurumiya daga Fas ta Maroko yake, mai Muhtasar Bamisire ne, mai Alfiya kuwa an haife shi a Andalus ya rasu a Dimashƙa. Ashe ɗalibin da ya yi karatun zaure ya riga ya zagaya duniya a kan buzu tun kafin ya taka filin jirgi.

Da zamani ya juya, tafiyar ta samu sabuwar alƙibla. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake bugawa a Zariya, ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta labarin abin da ya gani a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Horar da Malamai ta Jami'ar Landan, shekara guda bayansa Malam Aminu Kano ya bi sahu. A 1954 kuma Malam Abubakar Gumi da wasu abokan karatunsa suka tafi Bakhtar Ruda a Sudan. Dukkansu sun ga duniya, sun ɗauko abin da suka ɗauko, suka dawo suka yi wa ƙasarsu aiki da harshensu da rigarsu.

Bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Zariya ta zama mashiga da mafita ta ɗalibai da malamai daga ƙasashe da dama. Ɗaliban Larabci da na Faransanci a jami'o'in Najeriya sukan je ƙasar da ake magana da harshen su zauna na wani lokaci, har tsadar kuɗin waje ta sa gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno a farkon shekarun 1990. Sannan a 2002, bayan harin 11 ga Satumba 2001, Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin musayar ɗalibai na Kennedy-Lugar YES, wanda ya riƙa ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi, ciki har da jihohin arewacin Najeriya kamar Kaduna, su yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa.

Jarrabawar ƙasashen Turawa

Yaron da aka sauke a gidan Ba'amurke yakan fara cin karo da ƙananan abubuwa. An tarbiyyantar da shi a kan ya sunkuyar da kai idan babba na magana, can kuwa rashin kallon ido alama ce ta rashin gaskiya. Bai taɓa kiran malaminsa da sunansa ba, can malamin ne zai roƙe shi ya kira shi da sunan. Idan an miƙo masa abinci yakan ce ya ƙoshi saboda kunya, yana jiran a sake tayi, su kuwa sai su ɗauke kwanon su bar shi da yunwa. Waɗannan al'adu ne, kuma babu laifi ya koyi na masu masaukinsa muddin yana zaune da su.

Akwai kuma abubuwan da ba su karɓar ciniki: salla a kan lokacinta, azumi, nisantar naman alade da giya, da kiyaye iyaka tsakanin namiji da mace. A nan ilimi ne yake sauƙaƙa wa mutum. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya fita daga hukuncin matafiyi, don haka ba zai shekara yana ƙasaru ba. Ya san kuma cewa Malikiyya suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai bin umarni ne, saboda haka karen masu gida da ya goge shi bai ɓata masa tufafin salla ba, ko da yake ajiye kare a ɗaki wata mas'ala ce daban. Wanda bai san wannan ba, ko dai ya takura kansa har zaman ya gagare shi, ko kuma ya gaji ya saki komai gaba ɗaya.

Za kuma a yi masa tambayoyi a aji da wurin cin abinci: me ya sa matanku ke rufe kai, me ya sa kuke auren mace fiye da ɗaya, me addininku ya ce game da masu kashe mutane da sunansa? Mafi yawan masu tambayar son sani ne ya kawo su. Amsa cikin natsuwa, da faɗin "ban sani ba, zan tambaya" a inda bai sani ba, sun fi fushi amfani.

Jarrabawar ƙasashen Musulmi

Iyaye sukan kwantar da hankali idan Azhar ko Madina ko Khartum yaro zai tafi, suna ganin ai ƙasar Musulmi ce. Amma a nan ma akwai jarrabawa, kuma sau da yawa ita ce take biyo ɗalibi har gida. Ya taso da karatun Warshu a allo, sai ya tarar da Hafsu a Masar da Saudiyya, ya kuma ji Duri a wasu sassan Sudan. Ya saba da ƙunutin Asuba a asirce kafin ruku'u, sai ya ji Shafi'iyya a Masar ko Malesiya suna yin sa a bayyane bayan ruku'u. Ya saba da sallama ɗaya, sai ya ga ana yin biyu. Duk waɗannan saɓani ne da malaman farko suka sani, suka zauna lafiya da juna a kansa.

Matsalar tana tasowa ne idan ɗalibi ya ɗauka duk abin da ya gani a ƙasar Larabawa shi ne Musulunci, duk abin da ya baro a gida kuwa jahilci ne. Sai ya dawo da jallabiya yana yi wa babbar riga kallon raini, yana gyara wa mahaifinsa salla a gaban jama'a, yana wuce zauren malamin da ya koya masa baƙi da wasali ba tare da ya tsaya gaisuwa ba. Gidaje da yawa sun rabu, masallatai sun rabu, a kan mas'alolin da ba su kai a ɗaga murya ba.

Magabata sun bar darasi a kan wannan. An ruwaito cewa wani halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa dukkan garuruwan Musulmi bin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya hana, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa kuma kowace al'umma ta riƙe abin da ya iso mata. Imamu Shafi'i ya sauya wasu ra'ayoyinsa bayan ya baro Iraƙi ya zauna Masar. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya yi wa mai fatawa gargaɗin kada ya ɗora wa baƙo al'adar garinsa, ya fara tambayar al'adar garin mai tambayar tukuna. Wannan ba yana nufin duk abin da aka gada daidai ba ne. Idan ɗalibi ya dawo da gyara mai hujja, gida na buƙatarsa, amma gyara yana da ladabi, kuma yakan fi shiga idan ya biyo ta hannun manya.

Abin da ya rataya a wuyan iyaye

Kafin a cike takarda, ya kamata iyaye su san wace hukuma ce ke ɗaukar nauyin shirin, a ina yaro zai kwana, akwai masallaci ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi a kusa, kuma wa za a tuntuɓa idan wani abu ya taso. Idan 'ya mace ce, a kai maganar muharrami da masauki gaban malamai tun da wuri. Abin da ya faru a Sudan ya isa ishara: yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rutsa da ɗaliban Najeriya masu yawa, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki kafin a samu jigilarsu zuwa gida. Riƙe fasfo da takardun shaidar karatu a hannu, da yin rajista a ofishin jakadanci, suna cikin ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Sannan a ba shi watanni kaɗan a gaban malamin unguwa ya maimaita babin tsarki da salla da azumi, a kuma buɗe masa ido cewa akwai mazhabobi huɗu da riwayoyin karatu fiye da ɗaya. A bar shi ya san tarihin garinsu, ya iya ba da labarin ganuwa da ƙofofinta, da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, domin baƙon da ba shi da labarin gidansu ɗan kallo kawai yake zama. Idan ya dawo kuma, a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, don ba duk sabon abu ne ɓata ba.

Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta nuna cewa hikimar rarraba mutane zuwa al'ummu da ƙabilu ita ce su san juna, fifiko kuwa yana ga taƙawa. Sanin juna yana buƙatar kowane ɓangare ya zo da abin da zai gabatar. Allah Ya kai 'ya'yanmu lafiya, Ya dawo mana da su da ilimi mai amfani da ladabin da suka tafi da shi.